Ƙodar da Yayana Ya Binne

Yayana Alhaji Sabo, uwa ɗaya uba ɗaya, ya binne ƙodata ina da rai, ya kuma ɓoye mini cewa ciwon daji ne ya cinye ta. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya kai tsakiyar labari ya ce ban fito fili ba. Mutanen unguwa suna cewa ƙauna ce ta sa shi. Ni ma ban ce ƙiyayya ba ce. Amma ni aka tura Indiya kamar ragon da aka ɗaure a bayan mota, kowa ya san inda za a kai shi ban da shi.

Sunana Haladu. Na fi shekara ashirin ina sayar da katako a kasuwar Katako ta Jos. Boko a aji biyu na sakandare na tsaya. Turancina na ciniki ne, na koya a bakin kafintoci da 'yan kwangila, amma in aka ba ni lokaci ina karanta allo.

Fitsarin jini na fara yi. Aka yi mini aiki a wani asibitin kuɗi, aka cire ƙodar hagu. Da na farfaɗo, likita ya ja Yaya waje suka yi magana, Yaya ya dawo ya ce ƙari ne kawai, an cire, a gode wa Allah. Na gode. Bayan wata bakwai tari ya kama ni, aka ɗauki hoton ƙirji, likita ya sake jan Yaya waje. Ba a jima ba sai ga fasfo da biza.

"Dubawa ce kawai," in ji shi. "A tabbatar komai lafiya."

A lokacin ina da gini ya kai linta, rufi ya rage. Katakon rufin da hannuna na zaɓe shi ɗaya bayan ɗaya, na jera a bayan rumfa ya sha iska shekara uku. Matata Talatu da yaranmu huɗu suna zaune a sashen gidan Yaya, inda ko baƙo sai da izininsa yake kwana. Burina na duniya shi ne in fitar da su daga nan. Na ce bari in rufa ginin kafin in tafi. Ya ce rufi ba ya gudu.

Zangon farko a garin Chennai, gidan wani Bahaushe ne mai suna Isiyaku. Ya daɗe a can, sana'arsa tarbar marasa lafiya daga gida, ya yi musu tafinta, ya ba su ɗaki. Ya tarbe ni da fara'a har kunne, kafin in ajiye jaka ya ce in ba shi fasfo ya adana mini, wai garin akwai ɓarayi. Na ba shi. Wautata ta farko ke nan a ƙasar mutane.

Zafin garin ba irin namu ba ne. Mu mutanen Jos ko Kano muka je sai mun yi ƙorafi, to wannan kamar an rufe ka cikin tukunyar dambu ne. Abincinsu shinkafa da safe, shinkafa da rana, da wata miya mai tsami da yaji, a zuba maka a kan ganyen ayaba. Shanu na yawo a titi ba makiyayi, ramammu, da Fulanin da ke sayen katakon shinge a wurina sun gan su da sun yi kuka. Na yi kewar masa da miyar taushe. Na yi kewar soyayyen dankali da ƙwai na bakin tasha. Har sanyin da nake zagi kullum na yi kewa.

Kwana goma Isiyaku yana yawo da ni a asibiti, daga wannan taga zuwa waccan, a ɗebi jini, a tura ni cikin na'ura. Likitar da aka haɗa ni da ita mace ce, siririya, mai furfura a gaban goshi. Sai ta yi magana mai tsawo tana kallona, Isiyaku ya juyo ya ce, "Ta ce da sauƙi." Ta sake yin wata mai tsawo, ya ce, "Ta ce ka riƙa shan ruwa."

Na yi ciniki da mutane iri-iri. Na san in mai saye ya yi magana ta minti biyu, ɗan kamasho ya mayar da ita kalma uku, to akwai abin da ya maƙale a aljihunsa. Ga kuma bencin da muke jira a kai: rabin mutanen ba gashi a kansu, har mata. Rannan na tsaya a ƙofar sashen na ɗaga kai na karanta allon, harafi bayan harafi, kamar ɗan aji ɗaya. Kalma ɗaya na gane, ita ma ta ishe ni. Kansa, wato ciwon daji.

Da muka shiga na ce, "Isiyaku, jira ni a waje."

"Malam Haladu, Turancinsu da wuyar ji. Ba za ka gane ba."

"In ban gane ba na tambaya. Fita."

"Alhaji ya ce kada in bar ka kai kaɗai da likita."

Nan ya tona kansa. Na ce, "Alhaji ne kwance a gadon nan? Fita, ka kuma kawo mini fasfona kafin la'asar."

Ya fita yana gunaguni. Na juyo na ce wa likitar da Turancina na Katako, Madam, ni ne mai jikin, ni za ki gaya wa, a hankali, kamar kina sayar mini da kaya. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta tambaye ni me aka ce mini a gida. Na ce ƙari. Sai ta jawo kujerarta kusa.

Ta ce abin da aka cire tare da ƙodata kusan tabbas daji ne, kuma akwai ɗigo uku ƙanana a huhuna, daga can suka taso. Ban faɗi ba, ban yi salati da ƙarfi ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne katakon nan da ke bayan rumfa. Na ce, to, tafiya yake yi ko gudu?

Ta ce tambayar da take yi wa Isiyaku ke nan tun ranar farko: ina ƙodar? Ina takardar ɗakin gwaji? A ƙa'ida in an cire irin wannan, sai a yanki naman, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a fere shi siriri a duba a madubin likita. Nan ake sanin wane iri ne da kuma zafinsa. Ta ɗauki biro ta zana da'ira a bayan takardata, ta yi mata 'yan tsinkaye a jiki.

"Ka san eriyar rediyo?"

Na ce ko'ina a rufin Jos akwai ta.

Ta ce kowace ƙwayar nama a jikin mutum tana da irin wannan eriya. Jiki yakan aiko da saƙo cewa a girma, ƙwaya ta kama saƙon da eriyarta, ta rabu biyu. Lafiyayyar ƙwaya eriyarta kaɗan ce, tana ji daidai. Ta daji kuwa wani lokaci sai ta tsiro da su birjik, ko raɗa aka yi sai ta ji kamar ihu, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Suna da wani rini da suke zubawa a kan naman, duk inda eriyar take sai ya kama. Su a asibitinsu suna bin wannan a kan masu ciwon ƙoda, suna duba ko yawan eriyar zai nuna wanda ciwonsa zai yi sauri.

Na gane ta sarai. Ni ma ba na sayen gungume sai na ga bakin yankansa. Daga waje duk itace lafiyayye ne.

Na ce to ku ɗebo daga huhun mana. Ta ce ɗigon sun yi ƙanƙanta, kuma suna wurin da allura ba za ta kai ba sai da haɗari. Ƙodar take so, ko da yanki kamar farce ne.

Zango na biyu bencin wani mai shayi ne a ƙofar asibitin. Tsoho ne, kullum da farar toka a goshinsa, ba ya jin Turanci sai na lissafi. A gefen teburinsa yana da ɗan akurkin waya da ake bugawa ƙasar waje. Lokacin wayar hannu ta fara yawa a Jos, Talatu ba ta da ita, sai na buga ta maƙwabciyarmu aka kai mata.

"Talatu, ina aka kai ƙodata?"

Ina jin kukan awakin gidan Yaya ta cikin wayar.

"Baban Sadiya, Yaya ya ce kada a…"

"Ba Yaya ne ya aure ki ba. Ina take?"

Sai ta faɗa. Bayan aikin, asibiti sun miƙa wa Yaya ƙodar cikin bokitin roba da takarda, suka ce ya kai ɗakin gwaji, kamar yadda ake ba 'yan'uwan mara lafiya su kai. Ya kai. Da ya tambaya me ake yi da ita in an gama, aka ce akan ajiye, daga baya a ƙona. Yaya ya ce naman Musulmi ba a ƙona shi, ba a kuma ajiye shi a kwalba. Ya karɓe abinsa da takardar, ya sa aka naɗe cikin farin ƙyalle, aka haƙa rami a gefen maƙabarta aka rufe.

Ni ban ce kada a binne ba. Da yatsana ne inji ya cire, ni da kaina zan ce a binne. Amma wasiƙa ce Allah ya rubuto a jikina, Yaya ya rufe ta da ƙasa ba a karanta ba.

Na ajiye wayar tari ya sarƙe ni. Tari ne, ba kuka ba. Tsohon ya ƙara muryar rediyonsa, ya juya mini baya yana wanke kofunan da ya riga ya wanke. Da na natsu ya ajiye mini shayi mai citta, na miƙa hannu aljihu ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin e ne ko a'a. Wannan karon a'a ne.

Isiyaku ya kawo fasfon da la'asar, ya haɗo da jakata. Ya ce tunda na fi shi iya Turanci sai in nemi ɗaki da shi. Daga baya na ji a bakin wasu 'yan gida cewa haka yake yi, ya riƙe fasfo ya yi ta jan kwanaki, don muddin kana nan yana da rabo a ɗaki da asibiti. Umarnin Yaya ya zo masa daidai da sana'a. Tsohon mai shayi ne ya ɗauki jakar a kansa, ya kai ni wani ɗaki a saman shagon tela. Kwana uku ina kwance ina jin keken ɗinki a ƙarƙashina. Na yi shawarar in koma gida haka nan, ban san ko shekara goma gare ni ko wata goma ba.

Rana ta huɗu na sake bugawa in gaya wa Talatu ina tafe. Ta ce akwai abin da ta tuna. Bayan aikin da kamar wata ɗaya, wani Inyamuri ya zo rumfa nemana, ya ce yana da ajiyata. Ya tarar da Yaya, Yaya ya sallame shi. Ma'aikatan rumfa ne suka ba ta labari, sun ce gajere ne mai tabarau, ya taɓa sayen katakon rufi a wurina.

Oga Emeka. Na tuna shi. A ɗakin gwaji yake aiki. Shekarun baya ya zo sayen katako zai rufa gidansa a Jos Jarawa, ya zaɓi wasu masu sheƙi. Na ce masa waɗannan ɗanyu ne, damina ɗaya za su lanƙwashe, na kai shi baya na nuna masa busassu marasa kyan gani. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ba ka son riba ne?" Tun daga nan in mun haɗu sai ya ce mini Mai Gaskiya Dole.

Na ce, "Talatu, za ki je Jos Jarawa."

Tun bayan rikicin addinin da aka yi a Jos mutanenmu ba sa son shiga wasu unguwanni, su ma ba sa son shigowa namu. Talatu ko kasuwa ba ta zuwa sai Yaya ya sani. Ta ce, "In ya tambaya fa?"

"Ki ce mijinki ya aike ki."

Ta je. Ta hau tasi ta sauka a Tina Junction, ta taka da ƙafa tana tambayar gidan Emeka na asibiti, mai jan kwano. Wata mai sayar da tumatir ce ta raka ta har ƙofa. Ta ce da ta faɗi sunana sai ya dafe kai, ya ce da Hausarsa, "Madam, zauna, kai ka sha ruwa tukuna. Mijinka yana rai?"

Ashe ranar da Yaya ya ce a mayar masa da ƙodar, Emeka ne a kan teburin karɓa. Ya ga sunana a takarda. Ya roƙi Yaya ya bari, ya ƙi. Sai ya ce to bari ya shiga ciki ya naɗe masa da kyau. Ya shiga, ya yanki gutsure biyu daga jikin ƙarin, ya naɗe saura ya miƙo. Ya daskarar da su cikin kaki ya jefa a aljihun teburinsa. Ba takarda, don haka babban likitansu bai duba ba. Sata ce, ba shakka. Ita ce sata ɗaya da aka yi mini a duniya da nake sa wa ɓarawon albarka.

Surukinsa yana fataucin kayan gyaran babur daga Indiya. Bayan kwana goma sha shida sai ga surukin, wani ƙato, ya tsaya a bencin mai shayi yana tambaya da Hausar Jos, wane ne Haladu. Ya ciro akwatin ashana daga aljihun riga. A ciki akwai 'yan dunƙulen kaki guda biyu, fari-fari, da wani abu kamar gutsuren kilishi a tsakiyar kowanne. Ni ke nan. Na bi kaina ta jirgi.

Zango na ƙarshe ɗakin madubi ne. Bayan mako guda likitar ta kira ni, ta ce tunda ni mai son gani da ido ne, in zo in gani. Na sa ido a madubin. Kamar saƙar zuma, kowane gida an zagaye shi da launin madacin da aka shafa wa mai. Da kyau ƙwarai, abin haushi.

"Wannan launin shi ne eriyar?"

Ta ce shi ne.

"Ai ko'ina ne."

Ta ce ko'ina ne. Ta ce irin dajin ƙodar da aka fi gani ne, amma ƙwayoyin masu zafi ne, ga shi ya riga ya kai huhu, ga eriya ta yi yawa. Duka ukun hanya ɗaya suke nunawa. Ta ƙara da cewa kada in ɗauki maganar eriyar kamar hukunci, har yanzu bincike suke yi, akwai likitocin da ba su yarda tana nuna komai ba, kuma ta ga masu wannan launi da suka ba ta kunya.

Na ce, "Madam, ni da damina nake lissafi. Nawa zan gani?"

Ta ce ɗaya tana sa rai. Biyu ba za ta yi mini alkawari ba.

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini gungume daga kafaɗa. Ba daɗi na ji ba, amma ƙafata ta taka ƙasa. Ta ce akwai sabuwar ƙwaya da ke toshe wata irin eriyar, wadda ciwon ke kiran jijiyoyin jini da ita su ciyar da shi. Ba ta warkarwa, tana rage gudu. Na ce sai ina kwance a nan za ta yi aiki? Ta ce a'a, in dai akwai likitan da zai riƙa duba ni a gida. Na ce to rubuta masa takarda, ki ba ni a hannuna, ni zan kai. Na kuma roƙi abin da ya rage na kakin. Ta mayar mini da shi cikin akwatin ashanarsa.

Na yi sallama da mai shayi. Na ba shi hulata, ya sa a kansa a karkace, mutanen benci suka yi ta dariya.

Ban gaya wa kowa ranar dawowata ba sai Talatu. Daga tasha ban nufi gida ba, Katako na wuce. Na sa aka loda katakon nan a mota, na kira kafinta. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas a kwanakin. Rana ta uku, ana buga kwano, ina zaune a kan bulo ina nuna musu inda ƙusa ta kauce, sai ga motar Yaya. Ya fito da babbar riga yana taka tarkacen katako.

"Haladu, wane irin abu ne wannan? Isiyaku ya ce ba a sallame ka ba. Ka dawo ko gaisuwa babu, ka kuma aika matarka cikin unguwar da ka sani?"

Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ga bulo, zauna."

Bai zauna ba. Ya rage murya don kada kafintoci su ji. "Sun gaya maka ke nan."

"Na tambaya."

"Kai yaro ne lokacin Baba, ba ka gani ba. Da ƙafarsa ya shiga asibiti. Ranar da likita ya faɗa masa sunan ciwonsa ya daina cin abinci, kwana arba'in bai cika ba. Na rantse ba zan bari a yi wa wani nawa haka ba."

Idonsa ya kawo ruwa. Na san gaskiya yake faɗa, shi ya sa ban ɗaga murya ba. Na ciro akwatin ashanar na buɗe, na kama hannunsa na ɗora masa a tafi.

Na ce, "Ga sauran ƙodar da ka binne. An karanta, na ji abin da ta ce. Yanzu kai wannan ramin da ka binne ƙodar ka rufe, ban hana ka ba. Amma ka saurare ni, Yaya. Ni ba Baba ba ne. Wata bakwai ka ɗauke mini, ina zaune ina jiran rufin da ka ce ba ya gudu, alhali ni ne mai gudun. Damina ɗaya aka ce mini, kuma a ƙarƙashin kwanon nan zan ji saukarta, da Talatu da yara. Ranar da na cika, a kira ka, kai za ka yi mini wanka, kai za ka sa ni a rami, ba wanda ya fi ka iyawa. Kafin ranar, in likita yana da magana a kan jikina, kai za ka jira a waje."